Neman makulli na biyu ga Corollar gidanmu

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Daren Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe 2, numfashin Inna ya sarƙe. Asma ce, ta daɗe da ita, kuma duk lokacin hunturu sai ta motsa idan ƙura ta yi yawa. Na fito tsakar gida a guje, ga mota a garaji, da mai a tanki, taya huɗu lafiya lau, amma makullin yana aljihun ƙanena a Madarunfa. Shi ya fita da ita da rana, ya dawo ya ajiye ta, ya hau babur ya tafi gaishe da surukansa, dare ya yi masa ya kwana can. Maƙwabcinmu mai adaidaita muka buga wa ƙofa. Cikin sanyin nan muka naɗe Inna da bargo biyu, maiɗakina ta rungume ta a baya, iska na shigowa ta ko'ina har muka isa asibiti. An sallame ta jiya da yamma, ta samu sauƙi, alhamdu lillahi.

Abin da ya kasa fita raina shi ne ɗan lokacin nan da na tsaya na dafa motar, ina jin tarin Inna daga ɗaki, ba abin da zan iya yi da ita.

Corolla ce ta 2009, ƴar Amurka. Na saye ta a 2019, lokacin da motoci ke sauka Kwatano su shigo ta Gaya ba wata wahala. Makulli ɗaya ta zo da shi, baƙi, mai maɓalli huɗu a kai. Mu uku ke tuƙa ta: ni, da ƙanena, da maiɗakina idan za ta kai yara lekol. Shekara kusan 6 ke nan muna miƙa wa juna makullin nan kamar ludayin fura. Robarsa ta tsage tun bara, da salatif na ɗaure ta. Daga yau na sa kaina aikin yin dubul, wato makulli na biyu, kuma zan riƙa rubuta abin da ya gudana da abin da na kashe, don na san gidaje da yawa a garin nan namu na Maraɗi makulli ɗaya gare su.

Laraba, 8 ga Janairu

Na je wurin wani dattijo mai yankan makulli a gefen babbar kasuwa. Tun ina yaro nake ganin teburinsa, da injin yanka, da makullai rataye a waya kamar kifi a shanya. Shi ya yi wa mahaifinmu makullan shago. Ya karɓi nawa, ya juya shi, ya ɗaga shi sama wajen haske.

“Ɗana, wagga mota ta wace shekara ce?”

Na gaya masa.

“To, ni ƙarhe nike yankewa. In ƙofa kake so ya buɗe, yanzu-yanzu. Amma irin wanga akwai abu cikin kansa da ba aikina ba ne. Na hwaɗa maka tun yanzu, kada ka dawo ka ce na cuce ka.”

Na ce ya yanka dai, Baba, mu gani. Dala 300 ya karɓa, wato sefa 1,500. Na koma gida na gwada: ƙofa ta buɗe, kofur, wato ma'ajin kaya na bayan mota, ya buɗe, kontak, inda ake zura makulli a tada mota, ya juya, fitilun tablo na gaban direba duk suka kama. Da na murɗa, demarer ya yi ta juya injin, gir-gir-gir, mota ta ƙi tashi. Wata ƴar jar fitila a tablo tana ta ƙyaftawa. Na zare shi na sa tsohon, fitilar ta mutu, bugu ɗaya mota ta tashi.

Ban yi da-na-sanin kuɗin ba. Wannan ƙarfen zai zauna cikin walat ɗina, ranar da aka rufe mota da makulli a ciki shi zai fisshe mu. Kuma dattijon bai ɓoye mini komai ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kai motar garajin da nake zuwa don canjin baƙin mai, na kawo maganar. Nan na fahimci abin da ke cikin kan makullin. Ƴar ƙaramar pus ce, wato ɗan guntun na'ura mai riƙe lamba, ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma babu batir a jikinta. Kewaye da bakin kontak akwai zoben waya a ɓoye. Idan ka zura makulli, zoben ya ba pus ɗin ɗan ƙarfi ta iska, ita kuma ta amsa da lambarta. Kwamfutar mota ta duba lambar nan cikin waɗanda ta sani. In ta gane ta, ta saki mai da wuta. In ba ta gane ta ba, ko ka kwana kana murɗawa ba za ta tashi ba. Batirin da ke cikin makulli na maɓallan buɗe ƙofa ne kawai, shi ya sa ko ya mutu mota na tashi. Don maganin ɓarayi aka yi wannan tsari. Jamus da Ingila sun wajabta shi ga sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi sahu a 2007, saboda haka kusan duk motar da ke zuwa mana daga can yanzu da shi take zuwa.

Sai shawarwari suka fara fitowa daga ƴan zaman garaji. Wani ya ce a fasa tsohon makullin, a ciro pus ɗin, a manne ta da gam a jikin zoben can ciki, shi ke nan kowane ƙarfe aka yanka zai tada mota, in yi goma ma in na so. Wani ya ce a kai kwamfutar a cire mata tsaron gaba ɗaya, ai haka ƴan taksi da yawa suka yi.

Na yi tunanin ta farkon sosai, don ba ta cin ko dala. Amma ma'anarta ita ce na bar makullina cikin mota dare da rana. Duk wanda ya fasa gilashi ya tilasta kontak da sukundireba ya tafi da ita. Daga nan zuwa Ɗan Isa, wajen iyakar Nijeriya, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, kuma motar da ta tsallaka iyaka sai dai a yi ta addu'a. Sannan nakan bar ta a kasuwannin ƙauye tun hantsi har la'asar ina can ina awon wake. Ga zafin Afrilu da ke narkar da gam: ranar da pus ɗin ta faɗa cikin robobin sitiyari a dajin Dakoro, wa zan kira? Na ce a'a. Makaniken kansa, da muka keɓe, ya ce shi ma ba ya son wannan aikin, ya kwatanta mini wani saurayi a Sabon Gari da ke da na'urar makulli.

Talata, 14 ga Janairu

Shagon ƙarami ne, rabinsa gyaran waya, rabinsa makullan mota. Saurayin bai fi shekara 25 ba. Kafin ya taɓa makullin ya ce:

“Alhaji, ka yi haƙuri, in ga kart giriz da katinka na ɗan ƙasa.”

Ya fita ya duba lambar shasi ta ƙasan gilashin gaba, ya gwada ta da ta kart giriz ɗin, wato takardar mota, harafi da lamba 17 ɗaya bayan ɗaya. Da farko abin ya ɗan sosa mini rai, daga baya na ga ai gatana ne. Wanda zai yi wa kowa makulli ba tambaya, zai yi wa yaron wankin mota makullin motata ranar da na ba shi ya wanke ta.

Daga lambar ya gaya mini abin da ban sani ba shekara 6: motar da 2T1 ta fara, wato a Kanada aka ƙera ta, can aka kai ta Amurka. Da da J ta fara, ƴar Japan ce, kuma rimot ɗinsu ba iri ɗaya ba ne ko da shekararsu ɗaya. Ya goge gindin ƙarfen makullin da tsumma ya nuna mini wani ɗan ɗigo da aka buga kusa da roba. Ɗigon nan, in ji shi, shi ne sunan pus ɗin; su masu sana'a 4D67 suke ce mata. Waɗanda suka biyo bayanta harafin G ake buga musu, na baya-bayan nan kuma H. Ba sa shiga wurin juna. Ya zura makullin cikin wata ƴar na'ura mai kamar waya, ta tabbatar da abin da ya faɗa.

Sai gwajin da ya sa gabana ya faɗi. Ya ce Toyota na fitowa da makulli iri biyu: babba, wanda da shi ake iya gabatar wa mota sabon makulli, da ƙarami, mai launin toka galibi, wanda ke tada mota amma ba shi da wannan izinin. Motoci da yawa na isowa nan da ƙaramin kawai, babban ya ɓace tun a wurin gwanjo ko a jirgin ruwa. Ya ce in zura nawa kada in murɗa, in kalli jar fitilar. In ta mutu nan take, babba ne. In ta tsaya a kunne kamar daƙiƙa biyu kafin ta mutu, ƙarami ne. Na zura. Ta mutu nan take. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har masu gyaran waya suka waiwayo.

Hanya biyu ya shimfiɗa mini. Ta farko, ya kwafi lambar pus ɗina ya zuba cikin wata pus da ba komai, ya sa ta cikin makulli marar maɓalli. Mota za ta ɗauka makulli ɗaya ne take gani. Jika 15, wato sefa 15,000, yau-yau. Ta biyu, a samo cikakken makulli mai maɓalli da pus tasa ta kansa, a yi masa rajista cikin kwamfutar mota. Ya fi tsada, kuma ba shi da irin nawa a hannu. Waɗanda ke rataye a shagonsa na motocin Turai ne, masu magana a kan zango 433, tawa kuwa ƴar Amurka a kan 315 take saurare. Kamar ka kama rediyo a tashar da ba ita ba.

Na tambaye shi, da makullin nan ɗaya ya ɓace fa?

“Da sai a jawo motar, a cire makullin ƙofa a karanta haƙoransa, a goge ƙwaƙwalwar tsaron a fara daga farko. Ban taɓa yin wannan ƙasa da jika 100 ba, Alhaji, kuma sai mota ta kwana biyu ko uku.”

Alhamis, 16 ga Janairu

Na yi shawara da maiɗakina bayan isha. Ni na karkata ga na jika 15, ganin azumi ya kusa kuma ga kuɗin maganin Inna. Ita ta ce: “Malam, ni ce ke ɗauko yara da jakunkuna a hannu a bakin lekol, babura na wucewa ta ko'ina. Mai maɓalli nake so.” Ta ƙara da abin da ban yi tunani ba: in makulli biyu lambarsu ɗaya ce, ranar da ɗaya ya faɗa hannun da ba a sani ba, ba yadda za a hana shi ba tare da an hana ɗan'uwansa ba. Na kira saurayin na tambaya, ya ce haka ne, wanda aka yi wa rajista daban ana iya goge shi shi kaɗai. Ta kawo jika 10 daga kuɗin adashinta. Mun tsaya kan na biyu.

Litinin, 20 ga Janairu

Yau kasuwa ta ci, sai bayan azahar na samu zuwa shagon. Saurayin yana da abokin hulɗa a Kano, wajen Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan mota. Ya ɗauki hoton bayan makullin, inda aka rubuta GQ4-29T, da hoton ɗigon, zai aika ta WhatsApp. Na lura da ya zo ɗaukar ɗigon sai da ya rufe haƙoran makullin da babban yatsansa. Na tambaye shi dalili. Ya ce wanda ya ƙware yana iya yanka makulli daga hoto kawai, kuma hoto in ya shiga waya ba ka san inda zai tsaya ba. Na tuna sau nawa na ga mutane sun ɗora hoton sabuwar mota da makullinta a Facebook ana yi musu barka.

Na biya jika 22, har da ladan direba. Shi zai canza zuwa naira wurin ƴan canji ya tura. Saƙon zai biyo motocin da ke zirga-zirga ta Katsina, Jibiya, Ɗan Isa. Tun da aka sake buɗe iyakar Nijeriya a Maris 2024 wannan hanya ta dawo, ita ce ma ke ciyar da mu da ƙananan kayan mota, tunda ta Kwatano har yanzu ba ta koma yadda take ba. Saurayin ya ce saƙon zai iso cikin kwana uku ko huɗu.

Juma'a, 24 ga Janairu

Shiru. Direban bai tashi ba, mota ba ta cika ba. Na kafa doka a gida kafin nan: duk wanda ya shigo da mota ya rataye makulli a ƙusar bayan ƙofar ɗakin Inna kafin ya cire takalmi. Ƙanena har yanzu ba ya iya haɗa ido da ni. Na ce masa ya bar wannan, ni ne na zauna shekara 6 da makulli ɗaya.

Talata, 28 ga Janairu

Saƙo ya iso, cikin leda an naɗe shi da takarda. Kamarsu ɗaya da nawa, maɓalli huɗu, har da jan nan na ƙararrawa. Na yi murna, na ce mu tafi wurin Baba ya yanka. Saurayin ya ce in dakata. Ya juya gindin ƙarfen: G ce a buge, ba ɗigo ba. Ya sa shi cikin na'ura, ita ma ta ce G. Lambar rimot daidai take, zangon daidai, pus ce ba tamu ba. Corollar da ta biyo bayan tawa da shekara biyu ko uku irin wannan jikin makullin gare ta, shi ya sa mai shagon can ya ɗauko wanda hannunsa ya fara kaiwa.

Da na kai an yanka shi, da ya zauna mini, don ba mai karɓar makullin da aka riga aka fitar wa haƙora. Wannan ita ce ƙa'idar da zan riƙe: a karanta pus tukuna, a gwada zangon rimot, yanka shi ne na ƙarshe. Saurayin ya ce zai iya ɓalle shi ya sauya pus ɗin da wata daga cikin nasa, amma irin wannan jikin in aka ɓalle ba ya komawa ya kama kamar da. Na zaɓi a mayar. Jika 2 na ƙara na direba. Raina ya ɓaci, amma ban ga amfanin faɗa da mutumin da ban taɓa gani ba a wata ƙasa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau na ga tashin hankali. A gidan mai na murɗa makulli in kashe mota, sai robar ta rabu biyu a hannuna, ƙarfen ya tsaya cikin kontak, maɓallan suka faɗo a cinyata. Na tattara, na haɗa da hannu, na murɗa: jar fitila na ƙyaftawa, mota ta ƙi tashi. Pus ta fita.

Na hana kowa taɓa motar. Muka tura ta gefe ni da yaran gidan man. Na cire tabarmar ƙafa a hankali na shimfiɗa ta kan siminti, na durƙusa ina tsefe yashi da yatsa. Baƙa ce, ƙarama, launinta ɗaya da tabarmar. Kusan rabin awa. Wani almajiri da ke tsaye yana kallo ne ya hango ta maƙale a layin dogon kujera, ya ce “Baba, ko wannan ce?” Na ba shi abin da ke aljihuna, na yi masa addu'a har ya ji kunya ya gudu.

Na riƙe ta da yatsa a jikin ƙarfen na tada mota, kai tsaye sai Sabon Gari. Saurayin ya sauya mini jiki sabo, jika 3, ya mayar da pus da maɓallan ciki, ya sa sabon batir CR2016, dala 100. Ƙarfen da ya zo da sabon jikin ba shi da haƙora, sai da muka bi ta wurin Baba ya kwafa. Saurayin ya ce mutane da yawa sukan sayi sabon jiki a kasuwa su sauya da kansu, su jefar da tsohuwar robar da pus a ciki, sai mota ta ƙi tashi su ce an yi musu asiri.

Tsakanina da aikin jika 100 ɗin nan, idon yaro ɗaya ne.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na biyu ya iso jiya da dare. Ɗigo ne. Na'ura ta ce 4D67, zango 315. Muka tafi wurin Baba tare da saurayin, a bayan babur ɗinsa.

A nan na ga abin da ya fi burge ni cikin aikin nan duka. Baba ya ƙi ɗora makullin da nake amfani da shi a inji. Ya ce tsohon ƙarfen ya sha murɗa shekara 15, haƙoransa sun lashe, wanda aka kwafa daga gare shi ranar Asabar ma gajiyar ya gada, don gaggawa aka yi shi. In aka ci gaba da kwafar kwafi, wata rana a samu makullin da sai an jijjiga yake juyawa, shi kuma ya cinye cikin kontak. Ya karɓi tsohon ƙarfen, wanda na adana cikin takarda, ya sa tabarau, ya bi shi gurbi-gurbi da bakin allura. Irin wannan makullin gurbi 10 gare shi, zurfin kowane ɗaya cikin mataki 4. Yana faɗin lamba, saurayin na rubutawa. Wuri biyu ya yi shakka, ya fita ya gwada a ƙofar gefen mai zaman banza, wadda ba a cika taɓawa ba. Af, irin tawa ba ta da bakin makulli a can, sai ya koma kofur, wanda shi ma da maɓalli muke buɗe shi kullum, cikinsa na nan kamar sabo. Sannan ya yanka bisa zurfin asali, ya bi da zarto a hankali, ya goge da burushin waya.

Makullin ya shiga kontak kamar an shafa masa man shanu. Na manta haka motar take juyawa.

Saurayin ya ce, “Baba, a Kano inji mai kwamfuta ke yin wannan.” Baba ya ce, “To, ka tara kuɗɗi ka sayo, amma ka zo ka koyi gani da ido kahin nan, don ranar da babu kuran.” Jika 2 ya karɓa na yau da na Asabar. Lambobin nan goma na kwafe su cikin littafin da nake ajiye takardun gida.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar rajista. Saurayin ya fara da auna batirin mota, ya ce ya yi sanyi, kuma ba ya son wuta ta yanke yana tsakiyar magana da kwamfuta. Muka jona da batirin wata mota ta waya biyu. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya cusa na'urarsa a wani soket mai baki 16 da ban taɓa sanin yana nan ba. Ya sa tsohon makulli ya kunna kontak, ya latsa abin da zai latsa, na'ura ta ce a zare. Ya zare, ya zura sabon bai murɗa ba. Jar fitila ta shiga ƙyaftawa. Ya ce kada kowa ya taɓa ƙofa. Kusan minti ɗaya muna kallonta, ni ina salati a zuci. Ta mutu. Ya ce, “Bismilla, Alhaji.” Na murɗa, ta tashi.

Maɓallan aikinsu daban, kuma ba su buƙaci na'ura ba. Ya zura makulli ya zare sau biyu, ya rufe ƙofar direba ya buɗe sau biyu, ya sake, duk cikin sauri yana ƙirga a baki, har makullan ƙofofi suka yi ƙwas-ƙwas da kansu. Ya danne maɓallin rufewa da na buɗewa tare, sannan na rufewa shi kaɗai. Karon farko bai kama ba, ya ce ya yi jinkiri a ƙofa. Karo na biyu ya kama. Muka ja baya taku 20, kowane maɓalli ya amsa, tsohon makullin ma muka sake gwada shi don a tabbata bai fita ba.

Na'urar ta nuna makulli uku motar ta sani kafin yau, wato akwai biyu da ke wani wuri a duniya, watakila cikin wata durowa a Amurka. Na ce ya goge su. Yanzu biyu ta sani, duka suna gidanmu. Jika 10 ladansa, na ƙara masa ɗaya don tsayuwar da ya yi ranar Talatar nan ya hana ni yanka.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Jiya na je Tibiri na dawo da sabon makulli, na kashe na tada sau shida a hanya da gangan, ba gardama. Jimillar abin da ya fita: dala 300 na ƙarfen farko, jika 22 na makulli, jika 2 na mayarwa, jika 3 na jiki, dala 100 na batir, jika 2 na Baba, jika 11 na saurayi. Sefa 42,000 cif, cikin kwana 34.

Sabon yana hannun maiɗakina. Tsohon yana wurina, ƙanena zai riƙa karɓa yana mayarwa ƙusa. Da na kai wa Inna shi ta gani, ta juya shi a tafin hannunta, ba ta kira sunana ba kamar yadda ba ta taɓa kira ba, ta ce, “Kai wannan, duk wahalar nan don ni?” Na ce don mu duka ne, Inna. Ta tofa masa addu'a ta miƙo.

Abu biyu suka rage. Bakin makullin ƙofar direba ya cika da ƙurar hunturu, Baba ya ce in kawo ya wanke shi ya sa garin fensir, kada in kuskura in zuba baƙin mai, don mai ke kama ƙura. Sai na uku, marar maɓalli, wanda ba zai fita gida ba ko sau ɗaya, a cikin akwatin Inna zai zauna. Saurayin ya ce yana da pus mai ɗigo a hannu yanzu, zai yi masa rajista jika 12. Na ce masa bayan Salla, in wake ya yi kuɗi. Batirin mota kuwa ba zai jira Salla ba, gobe zan je a auna shi.